Babi na Bakwai: Kawu Ajidan, Mai Kakin Karkara

A ƙasarmu Nijar masu kaki iri biyu ne ake jin labarinsu: wanda ya faɗi a fagen daga, da wanda ya yi abin kunya. Na farko da tuta ake lulluɓe shi. Sa'ad da aka kashe sojoji 71 a Inates cikin watan Disamba na 2019, da wasu 89 a Shinagodar wata guda bayan haka, ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku-uku, kuma sun cancanci abin da ya fi haka. Na biyun kuwa shi ne abin hirar tasha da cikin motar haya: wane ya tare mu a hanya, wane ya karɓe mana na cefane. Akwai na uku da ba ya shiga rediyo. Shi ne wanda ya yi shekara kusan talatin yana aiki ba a taɓa kai ƙararsa ba, ya ajiye kaki, ya koma gona, ya rasu a kan shimfiɗarsa, maƙwabta suka kai shi. Wannan babi nasa ne.

Wanda zan kafa misali da shi ƙanin mahaifiyata ne. Ba zan kama sunansa ba, domin iyalinsa na raye, shi kansa kuma bai taɓa son a yi ta ambatonsa ba. Mu a gida Kawu muke ce masa. Mutanen gari kuwa Ajidan suke kiransa, muƙamin da ya yi ritaya da shi ke nan. Ya shiga aikin jandarma zamanin Seyni Kunce, ya fita zamanin Tanja Mamadu, kuma mafi tsawon aikinsa a jihar Maraɗi ya yi shi, tsakanin Gidan Rumji da Agiye. A hannunsa na yi karatun gaba da firamare, don haka abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani daga bakin iyalinsa da abokan aikinsa na ji.

Ƙasar da ya yi wa aiki

Babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram da Difa, ta Gidan Rumji take shiga jihar Maraɗi. Ta bi ta Tsibiri, fadar Sarkin Gobir, ta goga gefen birnin Maraɗi, ta wuce Cadawa, Agiye da Gazawa, sannan ta faɗa Tasawa. Kudu da ita, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba, iyakar Najeriya ce: Gidan Rumji na kallon jihar Sakkwato, ƙasar Gangara ta Gazawa na kallon jihar Katsina. A zamanin aikin Kawu, Gazawa ƙarƙashin Agiye take. Sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Saboda haka duk wanda aka ajiye a Agiye a wancan lokaci, rigimar Gazawa da ta Gangara tasa ce.

Ƙasa ce ta gero da dawa da wake, ta gyaɗa da riɗi da aya, ta jar akuyar Maraɗi. Ƙasa ce kuma mai cike da jama'a. Ƙidayar 2012 ta samu kimanin mutum miliyan 3.4 a jihar, akasarinsu a wannan sirin kudu inda ruwan sama ke isar shuka. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne ke jiran rabonta. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin ƙararrakin da ake kai wa hukuma a nan.

Mai karatu na Kano ko Zariya zai so a bambance masa masu kakin Nijar. Ƴan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma tun asali aikinsu a birane ya fi yawa. Gardi, wato rundunar tsaron ƙasa da ta ɗauki sunanta na yanzu a 2010, ita ma ta cikin gida ce, tana gadin ma'aikatu da gidajen kaso da rakiyar mahukunta. Jandarma kuwa soja ne a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, amma aikinsa na yau da kullum aikin ɗan sanda ne a karkara: shi ke zuwa inda aka yi sata ko kisa ko haɗarin mota, ya ɗauki bayani, ya rubuta, ya miƙa wa alƙali mai shigar da ƙara. Ga baƙauyen Saye Sabuwa ko na Gidan Sori, idan aka ce hukuma ta zo, jandarma ake nufi. Ta fuskarsa talaka ke gane ko gwamnati mai adalci ce ko azzaluma.

Tsoron kaki kuwa tsoho ne a nan. Tsofaffi ba su manta gardin zamanin Turawa ba, masu bin gari-gari karɓar haraji da kamen mutanen aikin dole. Duk wanda ya sa kaki bayan 1960 ya gaji wannan tsoro, ko yana so ko ba ya so. Wasu sun ci moriyarsa. Kawu ya yi ta fama ne ya rage shi.

Kaka da burtali

Lokacin da ya fi hana shi barci shi ne ƙarshen damina. Ruwa na ɗaukewa, garken shanu da tumaki suke gangarowa daga arewa, daga wajen Dakwaro da Barmo, suna neman kudu. An girbe gero, amma wake na kwance a gona, dawa ba ta gama nuna ba. Hukuma kan tsayar da ranar sakin gonaki, wadda bayanta dabba ke da izinin shiga ta ci kara da harawa. Kafin ranar, ɓarna abin biya ce. Matsalar ita ce saniya ba ta san kalanda ba, manomi kuma ya riga ya cinye rabin burtali da garmarsa tun farkon damina.

A ƙarshen watan Oktoba na 1991, daidai lokacin da babban taron ƙasa ke shirin rufewa a Yamai, aka yi abin da har yau ba a son tunawa da shi a garin Toda na ƙasar Gidan Rumji. Rikicin manoma da makiyaya ya rikiɗe ya zama kisan gilla, aka hallaka mutum sama da ɗari, yawancinsu mata da yaran Fulani. Kawu ba ya wurin a ranar, amma abin bai bar zuciyarsa ba har ya koma ga Allah. Ya kan ce babu faɗan da ke tashi rana ɗaya. Kafin a zare gatari, an yi makonni ana gunaguni a bakin rijiya, kuma akwai wanda ya ji ya yi shiru.

A 1993 gwamnati ta fito da dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye a matakin gunduma, daga baya har zuwa ƙananan hukumomi da ƙauyuka. Aikinsu shata burtali da makiyaya da mashaya, da rubuta cinikin gona ko jinginarta. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a irin wannan rigima kafin ta kai gaban alƙali. A takarda komai ya tsaru. A ƙasa kuwa sai an samu mai bin sawu.

Shi dai Kawu ba ya jiran a kira shi. Gero na fara fitar da kai yake soma zagaye. Ya sauka wajen mai gari, ya aika a kira arɗo, ya gaida liman, sannan su taka burtali da ƙafa tare. Inda gona ta shiga hanyar shanu, a gaban kowa zai nuna, ba tare da zagi ba, ya ce a gyara kafin baƙi su iso. Ya san wane mai gari ne maganarsa ke da nauyi, wane ne sai an haɗa shi da dattijon unguwa. Ya koyi gaisuwar Fulatanci da ƴan kalmomin da za su sa makiyayi ya saki jiki.

Wani tsohon abokin aikinsa ya ba ni labarin wata rana a wani ƙauye kudu da Gazawa. Shanu sun kwana a gonar wake, gari ya waye samari sun taru da gatura da kwari da baka, za su bi sawu zuwa ruga. Su biyu kaɗai suka isa a kan babur. Abokin ya ce shi hannunsa na kan bindiga, amma Kawu sai ya sauka, ya cire hula, ya zauna a kan tabarmar mai gari ya ce, "Baba, mun sha rana, a ba mu ruwa tukuna." Ba a fita faɗa a bar baƙo zaune yana jiran ruwa. Kafin a kawo, ya sa an kira mai gonar, ya bar shi ya amayar da duk abin da ke cikinsa ba tare da ya katse shi ba. Sannan ya zaɓi dattawa uku su raka shi ruga, ya ce samari su tsaya su tsare gari. Aka zo da mai shanun, aka auna ɓarna da taki, aka yi ciniki kamar yadda aka saba, aka biya kafin magariba.

Da suka koma bariki, layi biyu aka rubuta a littafin aiki. Babu gawa, babu kamu, babu rahoton da zai hau zuwa Maraɗi. A nan ne rashin adalcin wannan sana'a yake: ana ƙirga ɓarayin da jami'i ya kama, ana yaba masa idan ya ƙwato shanu, amma babu shafin da ake rubuta faɗan da ya hana tashi. Mafi girman aikin Kawu bai bar wata shaida a ofis ba, sai mutanen da suka ci gaba da rayuwa ba su ma san an cece su ba.

Ladan kuturu

Ba za a yi maganar kaki a bakin iyaka a tsallake maganar kuɗi ba. Tsakanin Maraɗi da Katsina da Sakkwato, fatauci ya girmi iyakar kanta. A zamanin aikin Kawu, wake da dabbobi na gangarawa kudu, man fetur ɗin da muke kira ruwa-ruwa da kayan masarufi na haurowa arewa, ta kan kwalta da ta hanyoyin daji. Duk inda kaya ke motsi haka, akwai mai miƙa na goro, akwai mai karɓa.

Shekarun 1990 kuwa sun gwada kowa. Baitulmali ya bushe, ma'aikata suka riƙa yin watanni ba albashi, har sojoji suka yi bore a watan Fabrairu na 1992 a kan haƙƙinsu. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin magani da kayan waje ya tashi. Mutum na tsaye a kan hanya da bindiga, cikinsa ba komai, a gida an bar masa saƙon babu gero, ga kuma direba na miƙo masa jaka guda ta taga. Wanda bai taɓa tsayawa a wannan wuri ba, ya sassauta harshe. Na faɗi haka ne don a gane nauyin abin da Kawu ya ƙi, ba don wanke masu karɓa ba.

Ƙa'idarsa guda ce, kuma da karin magana yake faɗinta: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wahalar ita ce a ƙasar Hausa mayar da kyauta cin fuska ne. Baƙauye zai zo da ƙwan zabi a ƙwarya ko damin gero da zuciya ɗaya, wani kuma zai zo da rago alhali ɗansa na tsare. Kawu ya bambance su. Wanda ba shi da magana a ofis, a karɓa a gode, a kuma sa masa sabulu ko sukari a ƙwaryarsa. Mai magana kuwa sai ya ce masa, "Alhaji, ajiye mini shi a wurinka. In shari'arku ta ƙare, ka kawo in ci in sa maka albarka." Kaɗan ne suka taɓa dawowa da shi.

Jarrabawar da ta fi masa zafi daga cikin gida ta fito. An kama ɗan babbar yayarsu da awakin sata da ya saya da araha, yana sane. Ta zo har bariki da kuka, tana tuna masa goyon da ta yi masa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Yaya, in na sake shi yau, gobe da wane ido zan kalli mai awakin?" Ya cire hannunsa daga binciken, ya bar wa wani abokin aiki. Yaron ya yi zaman kaso. Amma kullum daga gidan Kawu ake kai masa abinci, kuma shi ya cika kuɗin da aka biya mai awaki. Yayar ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa. Daga baya ita ce ta riƙa ba da labarin a gidajen biki.

Ba waliyyi ba ne. Yana da zafin rai, kuma da bakinsa ya faɗa mana cewa a farkon aikinsa ya ɗaga hannu a kan mutanen da ke tsare, abin da ya ce yana neman gafarar Allah a kansa. Ya ga abokan aiki na karɓa, ba kullum ya kai rahoto ba. Ya kan ce ikonsa a bakin aljihunsa ya tsaya. Ana iya yi masa gardama a kan wannan, ni ma ina ganin da sauran abin da zai iya yi. Sai dai direbobin hanyar Agiye sun san ranar da yake bakin shinge: ranar ce mai cikakkun takardu ke wucewa da kuɗinsa, marar su kuma ya karɓi takardar tara mai hatimi.

Waɗanda suka biya kuɗin gaskiyarsa

Gaskiyar ma'aikaci ba shi kaɗai ke ɗaukar nauyinta ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta ɗauki kaso mafi tsoka. Matan bariki na ganin wasu na canza zane kowane biki, ita tana nan da nata. Duk lokacin da takardar canjin wurin aiki ta zo, ita ke ɗaure tukwane, ta sayar da kajin da ba za su jure tafiya ba, ta je sabon gari ta fara neman maƙwabta daga farko. Ta haihu yana daji. An raɗa wa ɗaya daga cikin ƴaƴansu suna yana can wajen wani haɗarin mota.

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata su haɗu, kowane mako su zuba ɗan abin da ya sawwaƙa a asusu, su riƙa ba juna rance. Tsarin ya bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama na Afirka. Inna na cikin irin waɗannan ƙungiyoyi. Da rancen asusu ta sayi jajayen awaki, ta riƙa yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A watannin da albashi ya maƙale, awakinta ne suka ciyar da gidan jandarma. Kawu bai taɓa ɓoye wannan ba. Idan aka yaba masa a kan riƙon amana, sai ya nuna ƙofar ɗakinta ya ce a je can a yi godiya.

Gidan kuwa kullum a cike yake da mu, ƴaƴan dangi da aka turo karatu daga ƙauye. Bai bambanta mu da nasa ba, a kwano ɗaya muke ci. Daren da yake gida, bayan isha'i, zai sa a kawo fitila da littattafanmu. Ba ya duka. Zai buɗe shafin da aka yi maka jan alƙalami, ya dube shi, ya dube ka, ya rufe. Wannan shirun ya fi mana bulala ciwo. Da asuba shi ke tashinmu salla, sannan ya goge takalminsa da kansa, don bai yarda yaro ya yi masa ba.

Jihar Maraɗi na cikin wuraren da aka fi aurar da ƴan mata da wuri a Nijar, kuma dangi sun matsa masa a kan ƴaƴansa mata. Aikinsa ya nuna masa abin da su ba su gani ba: yarinyar da ta gudo daga gidan miji cikin dare, da wadda aka kai asibiti haihuwa ta gagara. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Cewa kawai ya yi nasa sai sun gama makaranta, ya kuma tsaya a kan haka. Yau ɗaya malamar makaranta ce, ɗaya ungozoma.

Da ya yi ritaya, abin da ya mallaka gidan ƙasa ne mai rufin kwano, da gonar gero da aya, da tsohon babur. Amma zauren gidan bai huta ba. Masu rigimar gado da na iyakar gona suka ci gaba da zuwa, ba don yana da sauran iko ba, sai don an san ba a sayensa.

Zamanin ƴan bindiga

Aikin da ya bari ba shi ne wanda ƙannensa suka tarar ba. Rikicin ƴan bindiga na Zamfara da Sakkwato da Katsina ya tsallako iyaka. A 2019 dubun-dubatar mutane suka kwararo ƙasar Gidan Rumji, mafi yawansu mata da yara. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri tsatso ɗaya ne, don haka a gidajen dangi aka fara saukar da su, kafin hukuma da Majalisar Ɗinkin Duniya su mayar da wasu nesa da iyaka, a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa. Gwamnati ta ƙaddamar da farmakin Farautar Bushiya, inda soja da jandarma da gardi da ƴan sanda ke sintiri. Yaron da ya sa kaki yau, maharan da ke tafe a kan babura da manyan bindigogi zai tara, ba ɓarawon akuya ba.

Kawu ya ga farkon wannan zamani yana tsoho. Ya kan ce su da alƙalami suka yi aiki, waɗannan yara kuwa da ransu suke yi. Amma bai yarda cewa darasinsu ya tsufa ba. Maharan ba sa shiga gari sai da ɗan gari mai nuna musu gidan da aka sayar da sa. Haka nan jami'i ba ya sanin motsinsu sai wani ya raɗa masa. Baƙauye kuwa ba zai kai irin wannan magana ba sai ga wanda ya tabbata ba zai tona shi ba, ba kuma zai juya ya tatse shi ba. Motoci da horo suna zuwa suna wucewa: shirin Tarayyar Turai na EUCAP Sahel ya fara horar da jami'anmu a 2012, hukumomin soja suka soke yarjejeniyarsa a watan Disamba na 2023. Yardar talaka ba a kawo ta daga waje. Jami'i ɗaya mai karɓar jaka guda a shinge yana iya rufe bakin ƙauye guda, kuma abokan aikinsa ne za su biya da jininsu.

Adakar takardu

Ya rasu bayan gajeriyar jinya. A zaman makoki an ga fuskokin da iyalinsa ba su sani ba: tsofaffin direbobi, Fulani daga ruga, da wani dattijo da ya ce Ajidan ne ya taɓa kai shi kaso, kuma bai zalunce shi da ko kalma ɗaya ba. Hausawa na cewa shaidar duniya ita ce ta lahira.

Bayan sadakar bakwai aka buɗe adakarsa ta ƙarfe. Babu kuɗi a ciki. Takardu ne a jere cikin leda: ta aurensa da Inna, ta haihuwar kowane yaro, takardun ɗaukarsa aiki da na ƙarin girma da na ritaya, takardar gona da ta fili, da jerin ƴan basussukan da ake binsa da waɗanda yake bi. A sama ya rubuta da hannunsa ofisoshin da za a bi, ɗaya bayan ɗaya.

Ya yi haka ne don ya ga abin da ke samun matan abokan aikinsa. Kafin mace ta karɓi fanshon mijinta sai ta kawo shaidar mutuwa, shaidar aure, takardun haihuwar yara, da takardar taron dangi da kotu ta tabbatar. Aure da yawa a nan a zaure aka ɗaura su, da goro da shaidu, ba a je ofishin magajin gari ba. Yara da yawa ba a yi musu takarda ba sai ranar shiga jarrabawa. Sai ka ga mace tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ga marayu, ga zirga-zirgar kotu neman takardar da za ta maye gurbin wadda ba a yi ba, wani lokaci har da tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yamai. Wasu sukan gaji su bari. Inna ba ta sha wannan wahala ba. A wurina wannan adaka ita ce babbar shaidar son da ya yi wa iyalinsa, domin ya yi musu tanadin ranar da ba ya nan.

Matan da ake bari yanzu sun fi Inna ƙuruciya nesa ba kusa ba. Mazansu na faɗuwa a bakin iyaka suna da shekara ashirin da wani abu, a bar yarinya da goyo, wani lokaci da ciki. Ranar jana'iza manya na zuwa, a yi jawabi, a ba da ambulan. Bayan arba'in sai ƙafa ta ɗauke.

Saboda haka kirana kashi uku ne. Kai mai kaki, ko ɗan sanda kake, ko jandarma, ko gardi, kada wannan wata ya ƙare ba ka yi wa aurenka da ƴaƴanka takarda ba, ka kuma nuna wa matarka inda ka ajiye. Ku shugabanni, ku nemi hanyar gane jami'in da yankinsa ya zauna lafiya, ku ɗaga shi tun yana raye, ku kuma sauƙaƙa wa marayu hanyar karɓar haƙƙinsu a jiharsu. Mu kuma sauran jama'a, da muke saurin ba da labarin wanda ya cuce mu a hanya, mu riƙa faɗin sunan wanda ya yi mana adalci, a gaban ƴaƴansa da gaban na gaba da shi. Idan akwai matar marigayi mai kaki a unguwarku, a leƙa ta bayan an watse, a tambayi abin da ya rage na takardunta. Allah ya jiƙan Kawu da sauran irinsa, ya raya abin da suka bari.